Gizo da Kunkuru a Birnin Jiki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Akwai wani birni da ake kira Jiki, Zaki ne sarkinsa. Duk kayan da za su shiga birnin ta ƙofa ɗaya suke shiga, su bi wata doguwar hanya mai lanƙwasa da ake kira Hanji. Katangar hanyar nan tana da 'yan ƙananan kafofi masu ɓullewa cikin gari.

'Ya'yan Gizo, waɗanda ake yi wa laƙabi da Oksalat, ba sa shigowa a fili. Cikin kayan fatake suke laɓewa, a daurin alayyahu ko buhun gyaɗa, ko riɗi, ko ganyen shayi. Ba su da sana'a a birnin, kuma ba mai iya narkar da su. Da sun sauka a Hanji sai su nemi kafa su zurara.

To amma akwai Kunkuru, na zuriyar Kalsiyam, wanda yake shigowa cikin ƙwaryar nono. Shi kuwa in ya kama ba ya saki. Da ya ga ɗan Gizo sai ya cafke ƙafarsa. Kafar ba ta ɗaukar biyu, sai ayari ya yi gaba da su har ƙofar baya, su fita tare da shara. Waɗanda suka kuɓuce masa sukan faɗa hannun gara a unguwar Babban Hanji, garar da ba ta da abinci sai 'ya'yan Gizo. Ita ce masana suka raɗa wa suna Oxalobacter formigenes a 1985. Saboda haka cikin goma, kusan ɗaya ne yake samun shiga gari.

Ba ta ƙofa kaɗai suke zuwa ba. Ƙoƙi, matar Gizo, ta daɗe da tarewa a gidan Hanta, kullum tana haihuwar wasu. Na waje da na gida duka kogin Jini yake kwasa, ya kai su wurin Kwaɗi biyu masu gadin unguwar Ƙoda. Su ne suke tace su, su jefa a magudanar Fitsari. Abin da suke zubarwa a yini bai cika wuce miligiram 40 ba.

Ana nan sai wata bazara Zaki ya shagala da farauta, ya daina shan ruwa. Magudana ta janye, ruwanta ya yi ja ya yi kauri. 'Ya'yan Gizo suka haɗu da kunkurun cikin gari da su ma ta nan suke fita, aka cakumi juna, wani kan wani, har suka dunƙule suka zama tsakuwa. Cikin dare ciwo ya soki Zaki a kwiɓi ya gangaro mara. Ya kwanta ya tashi, ya durƙusa, ya yi amai, fitsarinsa ya fito da jini. Manyan dawa da kansa yana birgima a ƙasa, abin tausayi.

Da tsakuwar ta fita, Kura ta fasa ta, ta ce, "Ranka ya daɗe, kunkuru na gani a ciki. A hana ƙwaryar nono shiga birni." Ba ƙarya ta yi ba, don bakwai zuwa takwas cikin goma na tsakuwar ƙoda, kalsiyam ne da oksalat. Sai dai rabin gaskiya ta gani. Kuma ita ce duk lokacin da Sarki ya yi mura take ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, har gara ta watse.

Aka hana nono. 'Ya'yan Gizo suka sami Hanji ba mai tsaro, suka yi ta kwarara cikin gari. Shekara ba ta zagayo ba sai ga wata tsakuwar.

Aka kira Dila, malamin daji. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kunkurun cikin gari ba sa ƙarewa, ƙasusuwan birninka cike suke da su. Wanda ka kora shi ne mai tare ɓarawo a hanya. In sun haɗu a Hanji, shara ce. In sun haɗu a Ƙoda, tsakuwa ce. A dawo da nono, kuma ya shigo ayari ɗaya da alayyahu, don kunkurun da ya zo da safe ba ya kama Gizon dare. Alayyahun a tafasa shi a zubar da ruwan. A rage gishiri, shi yake koro kunkuru cikin magudana. Kai kuma ka sha ruwa, da ɗan lemun tsami, har Kwaɗi su riƙa sako fiye da lita 2 a yini, garai-garai."

Aka yi yadda ya ce. Kura ta sulale cikin jeji, ba ta ko yi sallama ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.

A 1993 wani bincike na jami'ar Harvard a kan maza sama da 45,000 ya gano cewa masu samun kalsiyam sosai a abinci sun fi tsira daga tsakuwar ƙoda. Don haka ɗan'uwa mai wannan lalura, kada ka ƙaurace wa nono da kindirmo kafin ka ga likita.