Ɗora Harafi a Kan Fentin Mai

Rubutun allon shago a kan fentin mai aiki ne mai mataki uku: shimfiɗa, jira, sannan harafi. A Gure, garin da ke kan babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram in an nufi Diffa, ana ganin wannan aiki a ƙofar tela da wanzami da mai kilishi, da bayan manyan motocin da ke wucewa ɗauke da addu'o'insu. Mataki na biyu ba ya cin ko dala, amma shi ne ya kayar da mai wannan rubutu.

Fentin mai ba ya bushewa irin ta wanki a igiya. Man da ke cikinsa iska yake sha, ya daskare sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa, fatar waje ta yi tauri, ciki kuwa ɗanye shakaf. Fentin gwangwani na ƙofa da taga yana son kwana guda cur kafin a ƙara masa wani, zane mai kauri irin na masu hoto kuwa yana iya cin wata 6 bai gama ƙosawa ba. Wani mai fenti daga Damagaram ya zana wa kawun mai wannan rubutu jan sa a allo, ya ce a ba shi mako guda, zai dawo ya rubuta KILISHI MAI DAƊI a kan jikka biyu. Ɗan ƙanwar, wato mai wannan rubutu, wanda mushe ya taɓa yaba wa rubutunsa sau ɗaya a lakwal, ya ce, "Kawu, riƙe kuɗinka. Harafi nawa ne duka-duka?" Washegari ya kama aiki.

Masu sana'ar suna fara awo ne da zare da alli, su buga layi biyu, na sama da na ƙasa. Wasu kan zana haruffan a takarda, su huda gefensu da allura, su ɗora takardar a kan allo su buga mata garin gawayi, sai ɗigo-ɗigo su fito, buroshi ya bi su. Mai wannan rubutu ya auna da ido. Farin fenti yana taɓa jan da bai bushe ba suka gauraye, K ta fito ruwan hoda, ta kuma tafi da wutsiyar san.

Sai batun sirki. Fenti in ya yi kauri ana sassauta shi da ɗan kananzir ko fetur, domin su suna tashi su bar launi. Man gyaɗa ba ya tashi, ba ya kuma daskarewa. Ba ya cikin mayukan da iska ke busarwa, ko shekara zai yi. An tabbatar da haka a Gure a watan Janairu, lokacin da ɗan ƙanwar ya duba ya ga ai mai duk mai ne, ya ɗebo cokali uku daga kwalbar Kawu. Kafin la'asar haruffa sun fara hawaye. Da dare hunturu ya taso da rairayi, wanda Gure ba ta taɓa rasawa ba, da safe kiyashi suka zo karin kumallo. Kawu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Yaro, wannan ma yaji kawai ya rage a barbaɗa masa."

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce mai yana hawa kan fentin ruwa, fentin ruwa ba ya hawa kan mai. Yana kwanciya dai, ya bushe cikin sa'a guda da baki tsaf kamar bugun inji, amma bai kama komai ba, zaman haya yake yi. Bayan an goge allon da tsumma da fetur, mai wannan rubutu ya samo ragowar farin fentin bango, ya rubuta, aiki ya yi kyau har maƙwabta suka sa albarka. Kwana tara aka yi. A na goma L da I suka ɓare suka bi iska, allo ya koma KI SHI MAI DAƊI.

Wata biyu ke nan da Kawu ya yi amarya. Masu karatu suka riƙa karanta wa marasa karatu, ƴan kabu-kabu suna rage gudu, uwargida kuma ta aiko yaro ya tambaya ko kilo nawa ne.

Gyaran irin wannan ɓarna sananne ne. Mai fentin ya dawo, ya kankare, ya murza wurin da takardar yashi don sabon fenti ya sami abin kamawa, ya sake shimfiɗa ja, ya tafi ya kwana biyu. Da ya komo ya buga layinsa, ya tokara sanda a gefen allo ya ɗora wuyan hannu a kanta, ya ja kowace gaɓa ta harafi da shafa ɗaya, ba komawa. Ya karɓi jikka huɗu: biyu na rubutu, biyu na cire aikin ɗan ƙanwa. Wutsiyar san ba ta cikin ciniki, har yau guntu ne.