Saura Mutum Ɗaya

Indiyana, Amurka
Nuwamba 2024

Taubashi,

Ka durƙusa har ƙasa ka gaishe min da Gwaggo, ka ce yaji ya iso, har an kusa ganin gindin kwalbar. Maganar gonar Bakori na ji, maganar auren auta na ji, kuɗin kwano suna tafe. Amma don Allah a daina kirana da hantsinku. Ƙarfe bakwai na safenku ƙarfe ɗayan darenmu ne, na faɗa har bakina ya yi tsini.

To bawana, gyara zama. Ubangidanka ya yi sabuwar mota.

Siyana ce dai, ba zan ci amanar gida ba. Kada ka tambaye ni nawa na biya, domin ban biya ba tukuna. A ƙasar nan mutum yakan yi shekara shida yana hawan mota kafin ta san shi ne mai ita. Kuma ka daina yi min gorin ba ni da dangi a Amurka: masana'antar da ake ƙera Siyana tana nan cikin jiharmu, a wani gari Princeton, tun 2003 suke haifo su a can. Har wadda na aiko maka, 'yar 2012, wadda kuke kira Beljiyam alhali ko a mafarki ba ta taɓa ganin Beljiyam ba, a nan aka binne cibiyarta.

Sai dai ƙanwar ba ta ɗauko halin yayar ba. Tun daga ƙirar 2021 suka sauke injin nan mai fulogi shida, suka sa mai huɗu suka haɗa shi da batir, mai da lantarki suna karɓa-karɓa. Taka da kyar take cin kilomita 9 a lita, wannan tana kai 15. Ka yi lissafin da kanka, kai da tun watan Mayun 2023 kake gaida yaron gidan mai da hannu biyu. Ga ta kuma da kunya kamar amarya. Ran da na ɗauko ta na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa, ashe kashe ta na yi. Sau uku ina kunnawa ina kashewa, dillalin yana tsaye yana murmushi irin na wanda aka biya ya yi haƙuri. Saboda wannan shirun har doka aka yi a sa wa irinsu wani ɗan kuka na ƙarya idan suna tafiya a hankali, kamar sauro ya faɗa tulu. Ka kawo wannan kukan gaban akuyoyin Bakori ka ga ko kunne za su kaɗa.

Ƙofar gefe, ƙafa kake zurawa ƙarƙashinta ta buɗe da kanta, in ka iya. Ni ran Juma'a, da babbar riga, a gaban masallaci, sai da na yi rawar Asauwara kafin ta yarda. Kujerun tsakiya kuma ba a cire su kamar na taka, domin an dasa musu jakar iska ta kare rai a jiki. Ban ga laifinsu ba, rai suke tsarewa, kuma babu wanda ya taɓa ba su labarin buhun masarar Dandume. Na dai san da bakaniken nan naka na bayan tasha zai samu minti goma da sifana, da har benci ya ƙara mata.

Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Wata al'ada ce ta mutanen nan da ta fi ƙarfina.

Kwana uku da ɗauko mota sai ga saƙo a waya: daga ɗaya zuwa goma, nawa ce gamsuwarka? Na karanta sau biyu. Na ɗauka kuɗi ne suka rage ban biya ba. Ashe jin daɗin da ke cikin zuciyata suke so in auna musu, kamar mai awon gero da tiya. Kuma tun a wurin ciniki dillalin ya ja ni gefe ya ce in tambayar ta zo, duk abin da ya gaza goma a wurin manyansa faɗuwa ce. To in haka ne mene ne na tambaya? Wanzami ne ya ɗora maka aska a maƙogwaro yana cewa yaya ka ji askin.

Kai ka san gidan da muka fito. Shekarar da tsutsa ta shiga masarar Baba, duk wanda ya ce masa yaya gona, sai ya ce sai godiya. Shekarar da ya cika rumbu biyu har ya yi aron na uku, aka ce yaya gona, ya ce sai godiya. Na duba takardar nan sama da ƙasa, babu gurbin sai godiya, babu na alhamdu lillahi, ko na da dama-dama babu. In na ce goma, na kira wa kaina kambun baka, ga mota ko lamba ba ta gama bushewa ba. In na ce biyar, na yi wa Allah butulci. Na yi shawara da maman yara, ta ce in bar ta ta yi barci. Sai na ba su bakwai, na ga ai ko a makaranta bakwai cikin goma ba a dukan mutum.

Washegari wata mata ta kira ni da muryar ta'aziyya. Ta ce sun ga abin da ya faru, suna ba ni haƙuri matuƙa. Gabana ya faɗi, na ce wa ya rasu? Ta ce ukun da suka ɓata take nema, me suka yi min? Na ce baiwar Allah, ba ku yi min komai ba, ukun nan na ajiye su ne saboda ko-ta-kwana, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ka san wahalar juya wannan zuwa Turanci? Na yi iyakar ƙoƙarina. Ta yi shiru mai tsawo, ina jin tana bugawa a kwamfuta, sannan ta tambaye ni ko akwai mara lafiya a gidan. Kafin ta ajiye waya ta ce in ɗan tsaya, na'ura za ta tambaye ni, daga ɗaya zuwa biyar, yaya na ji hirar da muka yi a kan tambayar.

Tun daga ranar idona ya buɗe. Na je juyen baƙin mai, an tambaye ni. Na je cire haƙori, bakina cike da auduga, an tambaye ni. Bayin filin jirgi, Taubashi, bayi! A bakin ƙofa an kafa maɓallai masu fuska, wata na dariya wata ta murtuke, wai ka danna yadda ta kaya a ciki. Na tsaya na ga wani dattijo mai furfura ya fito, ya yi tunani sosai, ya danna mai dariya, ya wuce abinsa ba kunya. Cutar har ta shigo min gida. Ran nan ƙaramar 'yata ta cinye tuwo ta suɗe hannu ta ce ta ba shi tauraro huɗu. Uwar ta ɗaga muciya, ta tuna ƙasar da muke, ta mayar cikin tukunya.

Ni dai burina in ga ranar da za a kawo wannan al'ada tashar Funtua. Ka yi lodi irin naka, huɗu-huɗu a baya, biyu a gaba, almajirai uku a but a kan buhunan taki, ga rago an ɗaure yana kallon inda aka fito. Ka bi ta Bakori, ka wuce Mararrabar Ƙanƙara, ka sauke su Malumfashi kowa yana neman ƙafarsa a cikin na mutane. Sai ka cire hula ka ce wa tsohuwar da kwandon tumatirin Ɗanja ya kwana a cinyarta, Iya, daga ɗaya zuwa goma? Wallahi goman za ta ba ka, da yatsu, a fuska. Ragon ne kawai zai ƙi cewa komai, don shi ya san inda za shi.

Na dai koma na cike takardar har ƙarshe, don su bar ni in sha ruwa. Can ƙasa akwai tambayar mutum nawa ke shiga motar yawanci, da kuma ko zan ba aboki shawara ya sayi irinta. Na daɗe a nan wajen, a zaune cikin motar a filin ajiye motoci na wurin aiki, ƙarfe shida na safe, sanyi yana cin gilashi. Kujera takwas gare ta. Mu biyar ne, kuma ba ma haɗuwa ciki sai Juma'a ko Lahadi, yaran kowa ya toshe kunne da waya. Sauran kwanaki ni ne da kofin shayi. Aboki kuwa, a nan sai ka nemi izini tun mako guda kafin ka je gaishe shi. Hanyata ta gida gonakin masara ce iya ganinka, irin wadda Baba zai gani ya cire takalmi, amma ba ka ganin ɗan Adam ko ɗaya. Mutum guda a kan inji ya girbe abin da gayyar Dandume za ta yi wata tana fama, ba mai gasa ko ƙwaya a bakin titi, ba wanda zai ɗaga maka hannu ya ce a rage masa hanya.

Akwai wani abu a motar da ban gaya maka ba, kuma in ka faɗa a majalisa na yafe ka. Sun sa makirufo a wajen direba, wai don na kujerar ƙarshe ya ji maganarka ba sai ka ɗaga murya ba. Kai da ake jin ka daga tasha har masaƙa, na san ba za ka gane amfaninsa ba. Ni na samo masa aiki. In na taso da asuba na hau titi ba kowa, sai in kunna in ce, Malumfashi, Dayi, Gwarzo, Kano, saura mutum ɗaya! Sai in ji muryata ta dawo min daga baya, kamar wani ya amsa.

Kuɗin shara na bana ka cire cikin balas ɗin da ba ka taɓa kawowa ba. Kada ka kuskura ka bi hanya bayan magariba, ko nawa aka ba ka, wannan ba wasa nake ba. In Allah ya kawo ni da rani, kujerar mai zaman banza tawa ce ni kaɗai, kuma ba zan biya kuɗin mutum biyu ba.

Ran da za ka yi lodin safe, ka kira ni, na janye dokar ƙarfe ɗayan dare. Ka ɗora wayar a gaban sitiyari ka ci gaba da harkarka, ba sai ka yi min magana ba, surutunka na ƙoshi da shi tun muna yara. Ka bar ta a kunne har Bakori. In kati ne ba ka da shi, ka yi filashin, ni zan kira.

Ubangidanka,
ɗan kawunka na Indiyana