Ranar da Na Kai Kilo 132 a Kasuwar Kazaure

Ƙanin matata da ke Amurka ne ya aiko mini da tsarabar sikeli, irin mai batir ɗin nan da ake ajiyewa a ƙasa a hau. Bana kuma Allah ya ba ni riɗi a 'yar gonata ta hanyar Roni. Daren da zan kai kasuwa na ɗora buhu a kai, ya nuna 176. Uwargida ta leƙo ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin buhun riɗi mai wannan nauyi ba. Na ce mata albarka ce, ba a yi mata gardama. Kafin barci ya ɗauke ni har na sayi babur, na yi wa soro rufin kwano, duk a zuci.

Da safe a kasuwar Kazaure, Alhajin da ke saye ya sa yaransa suka ɗora buhun a nasa sikelin. Allura ta yi rawa ta tsaya.

"Tamanin," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Tamanin? To ina kilo casa'in da shida suka shiga? Nan fa malanta ta motsa. Na gyara zaman hula, na ɗaga murya yadda nake yi wa 'yan aji huɗu. Na yi wa Alhaji wa'azi kan tauye mudu, na tuna masa kabari, na tuna masa ranar da shi ma za a ɗora ayyukansa a mizani. 'Yan dako suka ajiye kaya, 'yan acaɓa suka kashe babura. Na zaro sikelina daga jaka, aka ɗora buhu, 176 ta fito ja wur. Jama'a suka ce, "Kai!" Alhaji kansa sai da ya daina jan carbi.

Sai wani ɗan dako, Allah ya saka mini, ya ce, "Malam, to kai ma hau mana mu gani."

Wanda bai san ni ba, ni ne mutumin da tela ke rage wa kuɗin ɗinki saboda yadi na saura. Amma na cire takalma, na yi bisimilla, na hau, ina kallon Alhaji ido cikin ido.

132.

Aka yi tsit. Wannan tsit ɗin ne ya hana ni barci jiya. Ina tsaye a kan sikeli ba takalmi, safa ta huje a babban yatsa, hannu ɗaya har yanzu a sama yana nuna Alhaji, mutane kuwa suna kallon lambar, su kalle ni, su sake kallon lambar. Wata mai fura ce ta fara. Ba dariya ta yi ba, tambaya ta yi, cikin tausayi: "Malam, a ina kake ɓoye shi?" Shi ke nan kasuwa ta ɓarke. Har yanzu ban san abin da ya hana ni sauka ba. Na tsaya nan ina jiran lambar ta canza ra'ayi.

Wani dattijo da ke zaune a benci ya yafito ni da sanda. "Ɗan nan, kada ka damu, gajiya ce. Abu ya taso tun daga Amurka, ka bar shi ya sha iskar ƙasar nan kwana arba'in, zai dawo hayyacinsa."

Wata ɗalibar kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu ce ta durƙusa, ta kife sikelin, ta danna wani ɗan maɓalli da ban taɓa sanin yana nan ba. "Baba, a laba yake. Sake hawa." Na hau, 60. Aka ɗora buhu, 80 cif. Ta yi bayani a gaban kowa, da irin muryar da nake yi wa yara: Amurkawa har yau da laba da oza suke awo, laba ɗaya kusan giram 454 ce, kilo ɗaya kuwa laba biyu ne da ɗigo biyu. In ka ga laba, ka raba da 2.2. Najeriya ta koma kilo tun shekarun 1970, zamanin da naira ta kori fam. Ni da nake koyar da wannan a allo.

Dattijo dai bai sallama ba. Ya ce zamanin gyaɗa da laba ake awo, laba 2,240 ke cika tan, aka gina dala a Kano ba wanda aka yi wa dariya. "Amma tunda kilo kuke so, ka kai riɗin nan Babura. Kilo ai na Faransa ne, Babura kuwa bakin iyakar Nijar take. Can ya fi kusa da gidansu, ya fi cika." Na ce masa kilo ɗaya ne ko'ina a duniya. Ya girgiza kai ya ce shi ya sa yaran yanzu ba sa arziki. Sannan ya matso ya raɗa mini cewa in ba zan iya zuwa Babura ba, in mayar da maɓallin yadda yake, in nufi Gwiwa, in tabbatar ba ɗalibi a kusa.

A gida na yi ƙoƙarin kare kai. Na ba uwargida labarin jirgin saman Kanada da mai ya ƙare masa a sararin sama a watan Yulin 1983, saboda an lissafa man da laba maimakon kilo, sai da ya sauka a Gimli ba inji ko ɗaya mai aiki. Na ce in har matuƙa jirgi sun ruɗe, wane ne ni? Ta ce su a sama suka yi nasu, kuma ba su yi wa kowa wa'azi ba.

Alhaji dai ya biya ni kuɗin kilo tamanin, bai rage ko sisi ba. Da zan tafi ya ce wa'azin ya ratsa shi, in riƙa zuwa. Yau da safe na shiga aji na tarar an rubuta a allo, da alli mai kyau: Malam Buhu da Rabi.