Wa zai biya wa Malama kuɗin jego?

Mu a unguwarmu, in mace ta haihu kowa ya san aikinsa, ba sai an faɗa masa ba. Tun kafin assalatu an hura wuta, ruwan wanka na tafarfasa a garwa, ganyen darbejiya na ajiye a gefe. Wata ta dama kunun kanwa, wata ta daka yaji, maigida ya aiko da kayan ƙauri. Mai jego kuwa ko tsintsiya ta taɓa sai an kwaɓe ta: "Ajiye, jikinki ɗanye ne!" In haihuwar fari ce ma, tun cikin bai tsufa sosai ba ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Haka muka taso muka gani, kuma babu mai ce wa mai jego ta biya ladan wankan da aka yi mata.

Shi ya sa zancen Malama ya tsaya wa kowa a rai. Tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, ta haihu, sati huɗu kacal aka aiko mata cewa in ba ta dawo ranar Litinin ba an ɗauki wata. Albashin watan ma ba ta gan shi ba. Ta saɓa jaririya a baya, ko arba'in ba ta yi ba, ta hau Keke Napep ta tafi.

"Ko akuya aka bari ta lashe ɗanta," in ji Inna, tana tafa hannu, ranar da muka zauna muna zancen.

Anti, wadda ke aikin jinya, ita ta san takardu. Ta ce ai dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 54, ta ba mace hutun sati 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin. Har lokacin shayarwa an yanka mata, rabin awa sau biyu a rana. Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi: jihar Legas ta mayar da hutun wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince wa mazan da matansu suka haihu kwana 14.

"To Anti, me ya hana Malama kai ƙara?"

"Ta kai wa wa, Yaya? Da wane kuɗin lauya? In ta ci shari'ar ma, wace makaranta za ta sake ɗaukarta?"

Sai Hajiya, wadda ita ma take da 'yar makarantar nazire a zaurenta, ta gyara mayafi ta faɗi abin da ba a cika faɗa a fili ba. Ta ce ita kuɗin makaranta sai an ci rabin zango iyaye ke kawowa, wasu ma bashi. In malama ta tafi jego, dole ta ɗauko mai riƙe aji ta biya ta, ga kuma albashin wadda ke gida. "Wallahi ba mugunta ba ce. Amma in amarya ta zo neman aiki, gabana faɗuwa yake yi." Babu wadda ta ce mata ƙala, don kowa ta san gaskiya ta faɗa.

Ni a ganina nan gizo ke saƙa. Muddin nauyin biyan mai jego yana wuyan wanda ya ɗauke ta aiki shi kaɗai, to kowace matar aure kasada ce a idonsa, sai ya gwammace ya ɗauki namiji ko budurwa. Dokar da aka yi don kare mace sai ta koma abin da ake gudunta saboda shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe da gano haka. Yarjejeniyarta mai lamba 183, ta shekarar 2000, ta ce hutu kada ya gaza sati 14, kuɗi kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, kuma a biya daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali. Najeriya ba ta sa wa kanta wannan wajibi ba tukuna. Maman 'yan biyu, da danginta ke Maraɗi, ta ce a Nijar sati 14 ne, kuma asusun inshorar ma'aikata na ƙasar, wato CNSS, na ɗaukar rabin kuɗin.

Mu da muke adashe ai ba sai an yi mana dogon bayani ba: kowa ya zuba kaɗan, gwamnati ta ɗora nata, wadda ranar ɗaukarta ta zo ta ɗauka. An riga ana yankar kuɗin fansho a albashi, masu kamfani kuma na zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu a asusun inshorar NSITF saboda wanda ya ji rauni a wurin aiki. Hanyar tara kuɗin tana nan.

Inna dai ba ta gamsu ba. "Asusun gwamnati? Ku da kuka ga yadda 'yan fansho ke bin layi?" Tsoronta na da hujja. Sai dai maganinsa shi ne a nemi kuɗin ya riƙa faɗawa kai tsaye a asusun bankin mai jego, a kuma riƙa bayyana wa jama'a lissafi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda a asibiti ake ta yi mana nasiha a wajen awo, a ba jariri nono zalla wata shida, ko ruwa kada a haɗa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka. Yaya uwar da ke tsaye gaban allo tun bakwai da rabi za ta cika wannan? Ga kuma mai ƙosai, da mai kitso, da mai ɗinki, waɗanda ba su da shugaban da zai sa musu hannu a takardar hutu. Ranar da kasko bai hau wuta ba, ranar babu cefane. Duk tsarin da ya manta da su ya manta da yawancinmu, kuma katin awo da suke riƙe da shi ya isa a fara rajistarsu.

Ranar zaɓe mu ne ke cika layi tun sassafe, da goyo a baya. A kawo mana atamfa da sabulu da taliya, mu yi guɗa, a tafi. Wannan karon Anti ta ce za ta rubuta takarda, Hajiya za ta zagaya masu makarantu irinta su sa hannu, Malamar Islamiyya ta yi alkawarin ba mu minti goma bayan darasin Asabar, sannan a kai wa ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu har ofishinsa. Inna ta ce ita ba ta iya rubutu ba, amma a kawo mata tawada, za ta dangwala.