Sannu da Aiki, Ma'aikacin Bankin da Babu

A gaishe ka, gwanin gwanaye, ɓarawon da bai taɓa haura katanga ba, bai fasa kwaɗo ba, bai sa kare haushi da dare ba. Ɓarayin da can sai sun shafe jiki da mai, sun jira sahu ya ɗauke, sun yi kasadar gora da ihun unguwa. Kai kuwa da rana tsaka kake zuwa, da cikakkiyar sallama har da wabarakatuhu, mai gida ya miƙa maka mabuɗi da hannunsa, ya bi ka da godiya. Wa ya isa ya ce ba a ci gaba ba?

Ladabinka zan fara yabawa, don a gidanmu ka nuna shi. Gwaggona mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce, ita ce kuma uwar adashen mata goma sha biyu. Ranar wata Juma'a bayan La'asar, daidai lokacin da ka san an tashi daga banki sai Litinin, ka kira ta da cikakken sunanta. "Mama, daga banki ne. BVN ɗinki ya samu matsala, in ba a gyara ba kafin Magariba za a rufe asusunki." Yaran yanzu ba su da haƙuri da tsofaffi, amma ban da kai. Ka jira ta shiga ɗaka, ta janyo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta kwance ƙullin da katin ATM yake ciki. Ka jira aka kirawo jikarta daga waje, saboda idon Gwaggo ba ya ganin ƙananan lambobi. Yarinya ta karanto maka goma sha shidan gaba, da watan ƙarewar kati, da ukun nan na baya. Sai ka ce yanzu saƙo zai shigo da lamba shida, a karanto maka a hankali, kada a yi kuskure. A cikin saƙon nan an rubuta cewa kada a faɗa wa kowa lambar, amma da Turanci aka rubuta, kai kuma ka san wadda ka kira. Da kuka gama ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ka amsa da amin. Wayar ta yi ƙara sau uku a jere, kuɗin mata goma sha biyu suka bi iska.

Wannan fa ilimi ne, a ba ka haƙƙinka. Babu malamin jami'ar da ya karance mu kamar kai. Ka san muna jin nauyin kashe waya a kunnen wanda ya gaishe mu. Ka san mutumin da aka ce masa "kafin Magariba" ba ya tsayawa ya tuna cewa banki ba ya kiran kowa ya nemi lambar sirri ko lambar da ta shigo ta saƙo, kuma asusun da ke da matsala a gaban kanta ake gyara shi, ido da ido. Kunyarmu da yardarmu su ne gonarka, kana noma rani da damina.

Zumuncinmu ma ka raya shi. Ka kira dattijon dangi ka ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, lambar shiga ce za ta zo masa, ya turo maka. Lamba shidan nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinsa. Kafin ya farga ka hau kujerarsa, da hotonsa da sunansa, kana bin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya: "Ina asibiti, ranta min dubu ashirin zuwa gobe." Wane ɗan halak ne zai kira Kawu ya ce sai ya ji muryarsa tukuna? Kira guda na minti ɗaya zai rushe maka gini, amma ka yarda da tarbiyyarmu, ita ma ba ta ba ka kunya ba.

Kyautarka kuwa ba a magana. Tallafin gwamnati, kujerar Umara, data kyauta, aiki a ma'aikatar da mutum bai taɓa nema ba, duk tsuntsu daga sama gasasshe. Abin da kake roƙo kawai a danna shuɗin rubutun nan, a cike NIN da BVN, a biya ɗan kuɗin fom, a tura wa mutum goma. A farkon 2023, da takardar naira ta yi ɓatan dabo kowa ya koma tura kuɗi ta waya, ba ka bar 'yan kasuwa cikin kewa ba. Ka aika musu alat mai kyan gani, suka ɗaure maka kaya har da rakiya bakin shago, sai da dare mai kaya ya duba abin da ke asusunsa ya tarar ko kwabo bai ƙaru ba.

Ba abin mamaki ba ne, gado ka yi. Gidanku ne kaɗai ya ɗauki lambar sashe na 419 na kundin laifuffukan Najeriya ya mai da ita sunan da duniya ta sani. Kakanka Emmanuel Nwude, tsakanin 1995 da 1998, ya sayar wa jami'in wani banki a Brazil filin jirgin saman Abuja wanda babu shi a ƙasa, aka kwashe dala miliyan 242, sai a 2005 kotu ta ɗaure shi. Yayanka Ramon Abbas, wato Hushpuppi, abokan aikinsa imel ɗin kamfanoni suke kutsawa su sauya lambar asusun da za a biya kuɗi, shi kuma yana baje motoci a Instagram, miliyoyin mutane na taya shi murna. A Dubai aka kama shi a watan Yunin 2020, kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin wata 135 a Nuwamban 2022. MMM, harkar zuba kuɗin nan, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kulle ƙofa a Disamban 2016, jama'a suka yi rantsuwa sun daina. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin mutane, riga kawai aka sake.

Kada na cinye yabon a kanka kai kaɗai, kana da mataimaka. A gaida saurayin da ke ba da aron asusunsa ko layinsa a kan 'yar dubu biyar, kuɗin Gwaggo su bi ta kansa, ya ce shi ba ruwansa. A gaida masu yi wa sabon kuɗi kirari ba tare da tambayar sana'a ba. Babbar gaisuwa kuma tamu ce, mu da muke yi wa wanda aka damfara dariya, mu ce sakarai ne, mu ce kwaɗayi ne. Mu ne masu gadinka na gaskiya. Tsoron bakinmu ya sa Gwaggo ta kwana uku ba ta faɗa wa kowa ba, alhali a wannan sa'ar ya kamata a kira lambar da ke bayan katin a toshe shi, a kai ƙara tun sawun kuɗin bai ɓace ba.

Ta sayar da akuyoyinta biyu da injin niƙanta, ta biya matan adashe ɗaya bayan ɗaya, ba ta bari ko ɗayarsu ta ji dalili ba. Yanzu in baƙuwar lamba ta kira, kifa wayar take yi a kan tabarma. Ɗanta ya sauya layi, ya yi sati yana kira daga Legas ba ta ɗaga ba. In an tayar da maganarka kuwa, takan yi shiru, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Kuma fa yaron akwai ladabi."