Waɗanda Kalangu Ke Tarawa a Bata

Bata mahaɗa ce. Ta nan Fagge, masaukin ayarin Buzaye tun kafin zuwan Turawa. Ta can Sabon Gari, da aka yanka wa baƙi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. 'Yan Kantin Kwari da 'yan Singa ta nan suke ratsawa in an tashi kasuwa, kuma su ke cika duk wani ajo ko wasan biki da za a yi a yankin. Makaɗi zai raba kati, a jera kujerun roba, a tada janareta. Sai dai cikin masu cika kujerun, waɗanda sauraro ya kawo ba su taka kara sun karya ba.

Alhaji mai liƙi ba ya zuwa da wuri. Sai wasa ya yi nisa zai shigo, shadda na ƙara, yaro na biye da jaka, kuma ba zai zauna ba sai sanƙira ya hango shi ya katse waƙa. Tun a bakin ƙofa ya sa ɗan canji ya farfasa masa kuɗin zuwa sababbin 'yan ɗari bibbiyu, don hannu ya daɗe yana aiki. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi, Alhaji kuwa mai bin doka ne: yanzu a kafaɗar makaɗi yake jera su ɗaya bayan ɗaya, wai shi ajiya yake bayarwa. Abokin hamayyarsa ba ya taɓa aljihu ma. Raɗa kawai zai yi wa sanƙira, a shelanta ya ba da babur, fili ya kaure da guɗa. Yaron makaɗi ne zai yi ta zarya rumfarsa har damina ta fita, kullum amsa ɗaya: Alhaji ya tafi Sin saro kaya.

Shi kansa sanƙiran ya san asalin kowa, inda bai sani ba kuma ya gina. Wanda jiya ya bar tura baro, a daren nan jikan masu gari ne.

A sahun gaba akwai tsohon mai kaset, wanda ya yi zamani a Bata kafin masu tura waƙa a waya su kwashe masa ciniki. A wajensa kiɗa ya mutu a 1999, shekarar da Shata ya rasu. Mawaƙi na buɗe baki zai girgiza kai ya ce sata ce. An ɗauko gurmi, ina Haruna Uji. An ɗauko kuntigi, Allah ya jiƙan Ɗanmaraya Jos. Piyano da lasifika, in ji shi, su suka lalata sana'a. Bai taɓa fashin wasa ba, bai kuma taɓa liƙa ko naira biyar ba. Abin haushin, sau tari gaskiya yake faɗa.

Masu koyo kan zo tun la'asar, lokacin da ake gyaran kaya. Ɗan gado ba ya magana: ya yi shekaru yana ɗaukar ganguna, yana shanya fata, yana amshi, kafin a bar shi ya taɓa makaɗi. Kusa da shi ga ɗan gayu da ya ga kalangu a intanet, ya ɗebar wa kansa mako guda. An nuna masa a matse tsarkiya a hammata murya ta hau, a sassauta ta sauka, da haka gangar ke kwaikwayon hawa da saukar magana. Ya matse, kalangu ya yi kuka kamar akuya a hannun mahauci. Tsohon makaɗi, da yake kuɗin goro ya riga ya shiga aljihu, sai ya ce, "Madalla, ɗana, hannunka na faɗawa."

Ɗalibin Jami'ar Bayero shi ma yana nan, da littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a hannu, waya na naɗar murya. "Baba, mene ne turken wannan waƙa?" Baba ya dube shi ya ce, "Wani ne ya yi mini alkawarin babur, nake tuna masa." Yaro ya rubuta: yabo.

Akwai mai waya da ya juya wa makaɗa baya tun farko, fuskarsa yake ɗauka. Akwai Bayaraben da aka haifa a Sabon Gari, Hausarsa ta fi taka, ya rantse daga gangar kakanninsa aka samo kalangu. A bar shi da mahautan Fagge, ba za su gama yau ba. Can gefen katanga kuma ga malam da ya ce rako ya yi, yana ta neman tsari daga shaiɗan, babban yatsansa na bin kiɗa a cikin takalmi.

Hajiyoyi 'yan adashe ne masu wasan na haƙiƙa. Su zo cikin anko, su nemi a juya musu irin na Barmani Choge, su taka da gaske, su biya nan take ba bashi. Kowane makaɗi ya san da kuɗinsu zai sallami 'yan amshi, amma Alhajin babur ne ke samun baiti goma.

Mutum ɗaya makaɗi ke tsoro, mai janareta. In aka kai sha biyun dare bai ga cikon kuɗinsa ba, sai ya murɗe makunni. Lasifika ta ɗauke, kalangu ya ci gaba da muryarsa ta ainihi. Tsohon mai kaset ya gyara zama ya ce yauwa, yanzu aka fara kiɗa. Can kuma ya daka wa mawaƙin tsawa ya ɗaga murya, shi ba ya jin komai.