Janwen da Ake Ja a Ojoo

Duk motar da ta taso daga Ikko za ta yi Arewa ta Ilori, sai ta ratsa Ojoo a Badun. A nan babban titin Legas zuwa Badun, wanda aka buɗe a 1978, yake sauke kayansa, hanyar Oyo da Ogbomosho ta karɓa har Jebba da Mokwa. Ga tireloli da tankoki, ga motocin shanu masu nufar kara ta Akinyele, ga na tumatir da albasa masu shiga Shasha, ga ƙananan tasi Micra suna kutsawa duk inda suka ga kafa. Inda motoci suka taru haka, ba a wuni wata ba ta mutu ba, kuma mutuwar mota a Ojoo abincin wani ne.

Lissafin da wani Alhaji ɗan canji a Sabo ya buga ke nan. Sabo, unguwar da aka yanka wa Hausawa kusa da Mokola tun 1916, a kan goro da shanu ta ginu, kuma jikokin fatake ba su rasa hancin shaƙo riba ba. Alhaji ya sayi janwe: Chevrolet ta Amurka, tokumbo, ƙirar tsakiyar shekarun 1990, mai taya huɗu a baya, injin gas mai silinda takwas, lita 6.5. Ya sa aka yi mata fenti, aka rubuta lambar waya a ƙofa da manyan baƙaƙe, aka girke ta a Ojoo tana jiran masifar wasu.

Direban mutumin Gusau ne, ya daɗe yana jan tirela kafin ciwon ƙugu ya raba shi da doguwar tafiya. Har yau in aka tayar da zancen a teburin mai shayi sai ya ajiye kofi.

"Aikin farko wata bas ce ta mutu da kwandunan tumatir wajen Moniya," in ji shi. "Muka je, muka ɗaure ta, muka taso lafiya lau. Muna shigowa shataletalen Ojoo gosulo ya riƙe mu, rana ta take. Wallahi ban taɓa komai ba. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargada ba, kawai sai na ji shiru. Na murza makulli, kik yana juyawa, inji ya ce bai san zance ba. Gawa a gaba, gawa a baya, sarƙa ta haɗa su. Mai tumatir ya sauko, ya zagayo ta tagata, ya ce, Malam, don Allah yanzu wa zai ja wa?"

'Yan Micra suka cika wuri da oda da zagi cikin Yarbanci, wanda direba ya gode wa Allah da ba ya jin rabinsa. Aka tara majiya ƙarfi suka tura motoci biyu gefe, kowa ya karɓi na goro. Bayan kamar rabin awa, direba ya sake murza makulli don fidda rai, sai mota ta tashi tana gurnani, ko kunya babu.

Haka ta ci gaba. Da safe ba ta da laifi. Da zarar ta yi aiki ta ɗau zafi, musamman in an tsaya an kashe ta an dawo, sai ta ƙi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne duk wanda aka kira ya yi nasara. Bakaniken farko ya buɗe bonet, ya ce gas ɗin gauraye ne da kananzir, ya canza filta, mota ta tashi, ya karɓi kuɗinsa. Mai batir ya zo ya kankare kawunan batir, ta tashi. Wani ya hura layin mai da baki har ya haɗiyi gas, ta tashi. Da abin ya ishi Alhaji sai ya turo malaminsa daga Sabo, domin a ganinsa 'yan janwen da ya tarar a Ojoo ne suka sa masa hannu. Malam ya sa aka ɗaga bonet, ya kunna turare, ya yi addu'o'insa a tsanake, ya tofa a sitiyari. Ta tashi.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowannensu ya ɗaga bonet ya ɓata minti talatin, kuma abin da motar take nema ke nan. Da direba ya ɗaga bonet ɗin ya tafi ya ci amala ya dawo, da ya sami wannan sakamakon, kuma da ya fi arha.

Karen mota ne ya fara taɓo gaskiya, ba da niyya ba. Wata rana ta mutu a hanyar Iwo Road, yaro yana leƙen inji da ledar fiyawata mai sanyi a baki, leda ta fashe, ruwa ya kwarara tsakiyar injin. Direba ya ɗaga hannu zai kai masa mari, sai ya fasa, ya shiga ya gwada makulli. Ko minti biyar ba a yi ba ta tashi. Daga ranar janwe ba ta fita sai da jakar fiyawata a bayan kujera, daga baya har da kula cike da ƙanƙara. Matar da ke sayar da ruwan a bakin tasha ta fara gaishe da direba da "Oga mi" tun daga nesa. Alhaji kuwa, mutumin da ya san darajar kowace kwabo, ya ga sabon layi a littafin kashe kuɗi, ya kira direba a waya.

"Malam, ruwan nan ku ke sha ko wanka kuke yi?"

"Ranka ya daɗe, motar ce ke sha."

"Na sayi mota mai shan gas, ka mayar mini da ita mai shan ruwa?"

Ciwon yana da suna, kuma ya girmi zuwan motar Nijeriya. Kamfanin General Motors ya fito da injin 6.5 a 1992, ya gaji na 6.2. Na farko-farko famfon injektansu na hannu ne, babu lantarki a cikin lissafinsa. A 1994 aka koma famfon DS4 na kamfanin Stanadyne, wanda kwamfutar mota ke gaya masa yawan man da zai tura da lokacin turawa. To amma muryar kwamfuta siririya ce, ba ta da ƙarfin wutar da zai buɗe ya rufe bawul ɗin man. Sai aka sa wani ɗan baƙin akwati a tsakani, bai cika tafin hannu ba, ana ce masa PMD. A cikinsa akwai manyan tiransisto biyu masu karɓar umarni su mayar da shi wuta mai ƙarfi, sau da yawa a kowace daƙiƙa. Wannan aikin da kansa zafi yake haifarwa.

Injiniyoyin sun san da haka. Dabararsu ita ce a manna akwatin a jikin famfon, gas ɗin da ke zagayawa ciki ya riƙa kwashe zafin. A takarda abin ya yi kyau. Amma famfon yana zaune ne a kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, ƙarƙashin manifol, wato an ɗauki abin da ba ya son zafi an zaunar da shi a tsakiyar murhu. In mota tana gudu da sauƙi. In aka kashe ta, mai ya daina zagayawa, fanka ta tsaya, zafin ƙarfen inji duka ya taso ya lulluɓe akwatin. Yau zafi, gobe sanyi, har dalmar da aka liƙe wayoyin ciki ta fara tsagewa. In ya yi zafi wuta ta yanke, in ya huce ta dawo. Sau da yawa kwamfuta ba ta ma ajiye alamar laifi, shi ya sa mai na'urar gwaji zai jona ya ce lafiyarta ƙalau. Masu irin motar a Amurka da Kanada, inda ake sanyin ƙanƙara, sun sha wannan wahalar har ta zama sana'a ga masu ƙera kayan gyara. Sai a auna da ranar Badun ta watan Maris a cikin gosulo.

Mu ma mun ƙara namu. Tun 2022 da kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu, wane direba ne ke cika tanki? Ana zuba na aikin yau ne kawai. Man da famfo ya mayar tanki da ɗumi yake komawa, in tankin kusan wayam ne babu wanda zai surka shi, haka zai sake dawowa da zafinsa. Ga kuma ƙaramin famfon da ke turo mai daga tanki, in ya raunana abin ya ƙara lalacewa. Ba Chevrolet kaɗai ba ce: famfon VP44 na Bosch shi ma ƙwaƙwalwarsa a kansa take, mai ne ke sanyaya ta, kuma a wasu manyan injunan Cummins da Caterpillar ta bayan birenbos, wato kwamfutar injin, ake bi da layin gas saboda wannan dalilin. Shi ya sa kanikawanmu da dama, in mota mai kwamfuta ta dame su, maganinsu ɗaya: a cire, a mayar da ita manuwal.

Shawarar da wani Baba mai gyaran injekta ya bayar ke nan, kuma ba shirme ba ce, don ana yi. Amma giyar janwen otomatik ce, ita ma daga kwamfuta take jin magana, kuma da Alhaji ya ji kuɗin sai ya yi salati ya ce a nemi wata hanya.

Wani ɗan rewaya a kasuwar kayan gyara ta Agodi Gate, Bayarabe mai jin Hausa kamar a Sabo aka haife shi, shi ya gane ciwon tun direba bai gama bayani ba. Ya ce a bar tsohon akwatin inda yake, don ciro shi sai an kwance manifol. A zare soket kawai, a sayo sabo daga kasuwar Ladipo ta Ikko, a yi masa doguwar waya a fitar da shi daga ɗakin inji. Kuskurensa ɗaya, ya faɗi maganar a gaban direba, sannan ya yi tafiya biki Ijebu.

Direba ya ga abin ba wuya. Sabon akwati ya iso, shi da karen mota da wani yaron shago suka jona shi, suka ɗaure da wayar ƙarfe a jikin bonet yana reto. "Iska tana kaɗa shi ta ko'ina," in ji direba, "na ce to ina zafi zai fito?" Daga cikinsa zai fito. Akwatin nan in ba a manne yake da ƙarfen da zai janye zafinsa ba, ɗan lokaci kaɗan yake yi ya ƙone. Ba su kai ƙofar Jami'ar Ibadan ba ya mutu, mutuwar da fiyawata ba ta tayarwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ranar ce janwen abokan hamayya ta zo ta ja janwen Alhaji, ta bi da ita ta tsakiyar Ojoo a hankali, da gangan, lambar wayar nan ta ƙofa kowa yana karantawa.

Na biyun da aka sayo, direba ya ji cewa alminiyam ake nema, sai ya ɗauko murfin tukunyar uwargidansa ya huda. Allah ya taimaka ɗan rewaya ya dawo kafin a tayar da inji. Ya ɗaga murfin ya juya shi, ya dubi direba.

"Baba Gusau, tuwo za mu dafa?"

Murfi siriri ne, kuma shafaffe. Abin da ake so faranti ne mai kauri, mai haƙarƙari jere a baya, don iska ta sami wurin kamawa da yawa. Ya samo shi a jikin wata matacciyar amfilifaya ta masu kiɗan biki. Ya goge fuskar farantin har ta yi sumul, ya shafa farin man nan da masu gyaran rediyo ke sa wa tiransisto, shafa kaɗan ba lafta ba, ya ɗora akwatin ya ɗaure kusoshi huɗu bi da bi don ya zauna daidai. Sannan ya sa ɗan tsinke a bakin soket ɗin wanda ya ƙone, ya zaro wani ƙanƙanin rezisto mai lamba a jiki, ya mayar a sabon. Lambobinsu daga 1 zuwa 9 ne, kwamfuta da shi take daidaita awon mai, kuma direba bai ma san da zamansa ba. Waya kusan mita biyu, ya bi da ita nesa da salansa da fanka, ya naɗe, ya ɗaure farantin a bayan bamba ta gaba inda iskar hanya ke bugawa, bakin soket yana kallon ƙasa don kada ruwan sama ya taru a ciki. Ya ce a riƙa barin mai a tanki ko kwata ne. A nan ne Alhaji ya yi tsaki.

Mota ta warke. Ta yi Oyo ta dawo da tsakar rana, ta jawo wata tipa ƙarama daga Akinyele, aka kashe ta aka tayar, ko gezau. Malam ya aiko a gaya wa Alhaji cewa dama irin wannan aikin ba ya ci nan take. Mai fiyawata ta daina gaisuwa.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne ɗabi'ar 'yan janwe. In ƙaramar mota ta mutu a tsakiyar hanya, ba kullum ake tsayawa ɗaura sarƙa ba. A kan sa tsohuwar taya a gaba a tura ta gefe da bamba. Wata Micra ta mutu a bakin shataletale, direba ya ga aikin minti biyu, ya sa kai ya tura. Bamba ta lotsa ciki, haƙarƙarin farantin suka kwanta, wayar ta matse tsakanin ƙarfe biyu ta tsinke. Micra ta tashi da turin, mai ita ya ɗaga hannu ya yi godiya ya wuce, janwe ta tsaya a inda ya bari.

Akwatin bai mutu ba, waya ce kawai. Ɗan rewaya ya sake ta, ya sa mai walda ya yi wa farantin keji na ƙarfe, ya matsar da shi gefe. Alhaji ya zo Ojoo da kansa, ya tsuguna da babbar riga ya leƙa ƙarƙashin bamba, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Malam, kuɗin akwatin da ka ƙona da na wayar nan, a albashinka za su fita."

"Ranka ya daɗe, ai murfin tukunya ma ni na yi asararsa."

"Wannan tsakaninka ne da uwargida."